Kasuwar Ladipo, Inda Babban Wili Ke Neman Tayarsa

A unguwar Mushin cikin birnin Ikko kasuwar Ladipo take, matattarar kayan gyaran mota, sababbi da na gwanjo da ake kira tokumbo. Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Nijeriya, a 2007 da 2008, galibin tayoyin da ke jibge a rumfunan nan daga ƙetare ake shigo da su.

Nan samari ke tururuwa, su cire wili mai inci 15 su ɗaura mai inci 17 don ado. To, a wajen taya ne ake yin tuntuɓe. Ƙa'idar ita ce, idan wili ya ƙaru, dole gefen taya ya ragu, domin tsayin ƙafar ya zauna yadda kamfani ya tsara. Motar da ta zo da 195/65 R15, tsayin ƙafarta kusan milimita 635 ne, saboda haka 205/50 R17 ce daidai da ita. Wanda ya zarce haka, agogon gudu zai yi masa ƙarya, taya kuma ta riƙa gugar jikin mota a kwana.

Siririn gefe kuwa ba ya jure ramukan hanya: taya ta kumbura, wili ya lanƙwashe. Sannan mai saye ya duba lambobi huɗu na ranar ƙira. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tsohuwar taya ko da zanenta bai ci ba, robarta ta bushe. Araha dai ba ta ado, balle a kan titi.