Daga bakin Komadugu zuwa Dutsen Termit

Wani manomin tattasai daga wani ƙauye kusa da Difa ya yi tafiya zuwa ƙasar Tubawa. Ya bi wani ɗan'uwansa falke mai kai hatsi arewa. Da farko bai so tafiyar ba. Shekara biyu kafin nan, raƙuman wani Batube sun shiga garkarsa da dare, sun tattake masa tattasai. Tun ranar nan ba ya son jin sunan Tubawa. Amma yana neman raƙumin aiki, kuma an ce a can ya fi araha.

Sun tashi da asuba, suka bi kwalta suka yi yamma. Suka wuce Maine-Sorowa, suka kai Gudumariya. A nan akwai kwaruruka masu dabino da kanwa a tsakanin tuddan rairayi. Daga can sai Gure, cikin jahar Damagaram. A Gure aka rabu da kwalta. Mota ta juya arewa ta nufi Tasker. Gonaki suka ƙare. Sai ciyawa ƙanana da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Mota ta kafe a rairayi har sau uku, kowa ya sauka ya tura.

Bayan Tasker suka hango wani baƙin abu a gindin sama, kamar hadari. Shi ne Dutsen Termit, wanda ke kan iyakar jahar Difa da ta Damagaram. Ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Inda ya fi tsawo ya kai wajen mita 700 bisa teku. Mutumin Komadugu bai saba ganin dutse ba. A garinsu ko dutsen niƙa sai an kawo daga nesa. Ya sauka ya taɓa dutsen da hannu, ya ji zafi kamar tukunya.

Tsakanin duwatsun akwai kwaruruka busassu. Ruwa ba ya gudu a cikinsu sai ranar da aka yi sama, wani lokaci shekara ta wuce ba a yi ba. Amma da can ƙasar ba haka take ba. A jikin duwatsu akwai zanen shanu da raƙuman dawa da mutanen dā suka yi. Masu bincike sun tarar da wuraren narka ƙarfe waɗanda suka wuce shekara 2,500.

Da la'asar suka isa mazaunin Tubawa a gefen wata rijiya. Ba garin katanga ba ne. Bukkoki ne na tabarma, dogaye, kowace nesa da ƴar'uwarta. Bukkar ta mace ce, ita ke kafa ta, ita ke kwance ta ranar ƙaura. Baƙo ba ya faɗawa gida kai tsaye. Yakan tsaya daga nesa ya durƙusa. Mai gida ya zo ya durƙusa shi ma, rawani a fuska, wuƙa a damtse. Sai a yi ta gaisuwa, a tambayi lafiyar mutane, da ta dabbobi, da labarin ruwa. Ba a gaggawa. Da aka gama, wata tsohuwa ta kawo nonon raƙumi da dabino. Daga baya aka dafa shayi.

Abubuwa da yawa sun ba shi mamaki. Batube ba ya auren ɗiyar baffansa ko ta kawunsa. Sai ya nemi mata daga dangi na nesa. Kowane dangi yana da nasa tambarin da ake sa wa raƙumi, don haka ko dabba ta ɓata an san mai ita. Mata kuwa su ke yin ayarin dabino. In lokaci ya yi, su ɗaura wa raƙuma kaya, su ɗauki yara, su ratsa rairayi har Bilma. Da dare su bi taurari. Su dawo da dabino su sayar, su sayi hatsi da sukari da tufafi.

Amma rijiyar ce ta fi tsaya masa a rai. A gida, kogi yakan zo da damina ya yi watanni, inji ya jawo ruwa har cikin garka. A nan raƙumi ke jan guga. Yaro ya hau, ya kora shi ya yi nisa kafin guga ta fito. Kowane garke da ranarsa. Ya ga mutumin da ya yi tafiyar kwana biyu, ya zauna yana jiran a gama.

Da dare ya ba mai gida labarin garkarsa, falke yana fassara. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wanda ya yi ɓarna ya biya, haka ne. Amma ba mai barin nan ya tafi bakin kogi don marmari. A farin 1984 da raƙuma uku na tsira."

Dattijon ya yi maganar namun daji kuma. Har yanzu akan ga barewa da ragon dutse. Amma akwai wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda Turawa ke kira adakis. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, raɓa da ɗanyar ciyawa sun ishe ta. A 2010 an ƙiyasta saura wajen 200 a wannan yanki. A 2012 gwamnati ta mai da Termit da Tin Tumma gandun daji, aka hana farauta. Duk da haka, masu mota da bindiga ba su bari ba. Da aka yi ƙidaya a 2016, uku kaɗai aka gani. Wannan ba farautar yunwa ba ce, ɓarna ce.

Kwana huɗu suka yi. Falke ya sayar da hatsinsa duka tun rana ta biyu, domin ba gona ko ɗaya a wurin. Manomin ya sayi amale ɗan shekara biyar, mai tambarin dangin dattijon a wuya. Aka sa wani saurayi ya kora masa shi har Difa. Dattijon ya roƙi abu guda: in saurayin zai dawo, a aiko masa da busasshen tattasai mudu biyu.