Wasiƙa Daga Durham: Garin Da Rana Ba Ta Kaiwa Tsaka



 Ya sanyi? Na san yanzu hazo ya sauka a Kano, kowa ya ciro rigar sanyinsa da man shafawa. To mu ma a nan muna cikin namu, sai dai namu ba ƙura ba ce, duhu ne.

Yaya Babba ya aiko yana tambayata wai shin duk garin namu gini ɗaya ne, don ya ƙirga hotunan da na turo tun watan Satumba ya ga fiye da rabinsu na majami'ar nan ce mai hasumiya uku. Ranka ya daɗe, gini ɗaya ne, amma in ka sake dubawa za ka ga babu hoto biyu da suka zo iri ɗaya. Abin da nake so in yi bayani ke nan a wannan karon.

Bari in fara da garin kansa, saboda waɗanda ba su san inda nake ba. Ana rubuta shi Durham, amma masu garin "Daram" suke cewa. Yana arewa maso gabashin Ingila, kusa da Newcastle, kuma ƙarami ne ƙwarai, a ƙafa mutum zai ratsa tsakiyarsa cikin minti ashirin. Kogin Wear ya zagaye wani tudu kamar yadda igiya ke zagaye wuyan tulu, saura kaɗan bakinsa biyu su haɗu. A kan tudun akwai fadar da aka fara ginawa a 1072, wadda tun 1837 ɗaliban jami'a ke kwana a cikinta, sai kuma majami'ar da aka aza tubalinta a 1093 aka gama ainihin gininta a 1133. Hasumiyarta ta tsakiya tana da tsawon mita 66, matakalarta 325. A 1986 UNESCO ta saka gine-ginen biyu cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Gangaren tudun kuwa duk itatuwa ne har bakin ruwa, da 'yar hanyar ƙafa a kowane gefe.

Kun san mu Hausawa mun yanka yini gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta: asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. Duk waɗannan sunaye a kan tsayin rana aka gina su, kuma a Kano ba sa saɓawa, domin tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bambancin bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. A nan lissafin ya rushe. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa wajen takwas da rabi na safe, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu saura kwata. Yinin duka sa'a bakwai ne da 'yan mintuna. Azahar da sha biyu, La'asar wajen ɗaya da rabi, Magariba kafin huɗu, wato salloli uku cikin abin da bai kai sa'a huɗu ba. In ka shiga ɗakin karatu ka shagala da babi ɗaya, sai ka fito ka tarar an kunna fitilun titi.

Gajartar ma ba ta kai rashin tsayin ban mamaki ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Durham tana kusan 55. Don haka a wannan wata, da tsakar rana, ranar Kano tana hawa wajen digiri 55 sama da ƙasa, tamu kuwa ba ta wuce 12. Ba ta zuwa bisa kai ko kusa. Tana leƙowa daga kudu maso gabas, ta ja jiki a kan rufin gidaje, ta sulale kudu maso yamma. In na tsaya a fili da ƙarfe sha biyu, inuwata ta kusa ninka tsawona sau biyar. A taƙaice yinin nan hantsi ne ya haɗe da la'asar sakaliya, babu walaha, babu rana tsaka. Ko a watan Yuni, lokacin da yini ke wuce sa'a goma sha bakwai, ranar nan da kaɗan take ɗara tsayin da tamu ta gida ke kaiwa a cikin hunturu.

Ga mai ɗaukar hoto wannan garaɓasa ce. A gida kowa ya san hoton rana tsaka ba ya kyau: ido ya faɗa rami, bango ya yi fari fat, inuwa ta maƙale a ƙarƙashin ƙafa. Hasken da ke fito da abu shi ne wanda ya zo ta gefe, domin shi ke shiga tsagar dutse ya bar inuwa a kowane sassaƙa. A Kano irin wannan haske na ɗan lokaci ne da safe da yamma, kafin ka gyara tsayuwa ya wuce. A nan, ranar da gari ya washe, yini guda ake yi da shi. Matsalar ita ce washewar. Sai a yi kwana biyar sama tana rufe ruf kamar an kifa ƙwarya.

Majami'ar da dutsen yashi aka gina ta, shi kuma dutsen yashi hawainiya ne. Ranar gajimare launin toka ne, in an yi ruwa ya yi duhu kamar tsohuwar tukunya. Da hantsi ya koma ruwan zuma. Dab da faɗuwar rana, in na tsaya a ƙetaren kogi ta yamma ina fuskantar hasumiyoyin nan biyu da ke kan gaɓa, sai su yi ja kamar ruwan goro na minti goma ko ƙasa da haka, alhali kogin da ke ƙarƙashinsu ya riga ya shiga duhu. Wannan shi ne hoton da Hajiya ta ce a wanke mata. Sau shida na je wurin kafin na same shi. Akwai kuma bangon arewa, inda babbar ƙofa take, wanda duk tsawon hunturu rana ba ta taɓa shi ko sau ɗaya. Sai bazara ta yi nisa, rana ta koma faɗuwa ta arewa maso yamma, sannan hasken yamma ke zagayowa kansa. Wanda ya zo yawon buɗe ido na yini ɗaya a Janairu zai rantse bangon nan baƙi ne.

Inda na fi zuwa shi ne gadar Prebends, wadda aka gama a 1778. Daga kanta ana ganin hasumiyoyi a sama, tsohon gidan niƙa a bakin ruwa, da ɗan shingen da ruwa ke zubowa ta kansa. A Oktoba ganyen itatuwan ya koma rawaya da ja har ya kusa rufe ginin. Yanzu duk ya zube, rassa tsirara, ginin ya fito fili kamar an yaye masa mayafi. Da sanyin safiya wani lokaci tururi kan kwanta a kan ruwan, 'yan jami'a masu tseren kwale-kwale su ratso ta cikinsa. Akwai wani zalɓe da ke tsayawa a kan shingen, ƙafa ɗaya, ba motsi. Ni da shi sana'armu ɗaya, jira. A Afrilu kuma gaɓar kan cika da tafarnuwar daji mai farin fure, wadda tun daga nesa hanci ke sanar da kai, abin da kyamara ba ta iya kawo muku ke nan.

Ga masu tambayar kayan aiki, ba wata babbar kyamara ba ce, ta hannu na saya, da ɗan mazauni mai ƙafa uku. In haske ya yi ƙaranci dole idon kyamara ya daɗe a buɗe, kuma ko numfashi ka yi hoton zai yi dishi-dishi, shi ya sa ake ɗora ta a kan wani abu. Sanyi yana shanye batir da wuri, don haka na biyun a aljihun ciki nake ajiye shi. Sauran kuwa haƙuri ne da safar hannu.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Wasu cikinku sun ga hotunan sun ce lallai ina cikin daula. Ina roƙon ku tuna cewa hoto zaɓe ne. Minti goma na jan haske na aiko muku, ban aiko da sa'a goma sha bakwai na duhu ba. Duhun nan yana da nauyi. Yana sa kasala, yana sa mutum ya ƙi fita, ga kewar iyali, ga rubutun digiri da ba ya tafiya yadda ake so. Hukumar lafiya ta ƙasar nan ma tana ba kowa shawarar shan sinadarin bitamin D a kaka da hunturu, mu masu baƙar fata kuwa duk shekara, saboda ranar ba ta isa. Ni dai kyamarar nan ce take fitar da ni. Saboda ita nake duba hasashen yanayi, in bar tebur da tsakar rana in zagaya bakin kogi, in dawo da ɗan ƙarfin ci gaba da aiki. Don haka in kun ga hoto mai kyau, ku san magani na je sha, ku kuma ƙara da addu'a.

Sai saƙona ga Auta. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar birni. Duba shekarun nan ka kwatanta da 1093 zuwa 1133. Ashe lokacin da magina ke ɗora dutse a kan tudun Durham, namu suna kwaɓa ƙasa a gindin Dala. Tasu dutse ce, ana kuma gyara ta kullum. Tamu ƙasa ce, kowace damina tana cin rabonta, masu gini da masu ɗibar ƙasa suna cin nasu. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da ke jiran UNESCO ta duba. Wayar da ke hannunka ta isa. Ka zaɓi wuri ɗaya inda badala ta saura, ko wajen Ƙofar Dukawuya ne, ka riƙa tsayawa a daidai gurbi ɗaya: da hantsi, da la'asar sakaliya, cikin hazo, da bayan ruwan farko in ciyawa ta tsiro a kanta. Ka guji rana tsaka. Ka rubuta kwanan wata a kan kowanne ka adana. Jar ƙasarmu da yamma ba ta gaza dutsen nan kyau ba, sai dai sabo ya hana mu tsayawa mu kalla. Wata rana 'ya'yanmu za su tambayi yadda take, gara a sami abin nuna musu.

Tun daga 21 ga Disamba yini ya fara ƙaruwa, da farko da 'yan daƙiƙoƙi, zuwa Maris kuma da fiye da minti huɗu kowace rana. Masu kirana ku tuna yanzu kuna gabanmu da sa'a ɗaya, sai ranar Lahadin ƙarshe ta Maris in an tura agogo gaba za mu sake daidaita.

A gaishe da Hajiya da kyau, a ce ina neman albarka. A gaishe da su Kawu da Gwaggo, da Uwargida da yara, da duk 'yan majalisar ƙofar gida. Allah Ya sada mu da alheri, amin.

Naku a kullum,
Ɗan'uwanku a Durham