Safar da ta zauna a jaka

Shekara 18 yayana ya yi yana gyaran wutar lantarki, kuma ni ne na kira shi a yammacin da ya rasa yatsu biyu. Iskar farkon damina ce ta kwance wayar gidana daga jikin falwaya, ga baƙi ina jira. Aikin na ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne, na sani, amma gaggawa ta rufe mini ido.

Ya zo da silifa a ƙafa, ya jingina tsani. Na ce, "Yaya, safar hannun fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai an ɗauke wuta tun azahar." Ban ƙara magana ba, domin ni ma so nake a gama kafin magariba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne janareta. Wani gida a layinmu ya tayar da nasa ba tare da makunnin da ke raba shi da wayar gwamnati ba, sai wutar ta biyo waya ta dawo kan falwaya. Bolt 230 ne kawai, irin wanda ke kunna fanka, amma ga hannu mai gumi ya isa. Wuta ba ta ture mutum yadda ake zato. Damƙe tsokar hannu take yi har ya kasa sakin abin da ya riƙe. Nauyin jikinsa ne ya ɓamɓare shi, ya faɗo, tunda bai ɗaura igiyar ƙugu ba, kansa kuma babu hular kwano.

A asibiti na buɗe jakarsa ina neman wayarsa, sai ga safar a naɗe, ta roba mai kauri, an buga mata lambar bolt 1,000. Shi da kansa ya taɓa koya mini yadda ake hura mata iska a saurara, domin huda kamar ta bakin allura ta isa ta mayar da ita banza. Ga tasta kuma a gefe, wadda gwajinta bai kai minti guda ba.

Masu zuwa dubiya sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na kuwa amsa musu. Sai dai na lura a tsakanin masu wannan sana'a, wanda ya sa safa da takalmin roba shi ake yi wa kallon sabon shiga, mu masu ba da aiki kuma mai sauri muke yabo.

Yanzu Yaya yara yake koyarwa a shagonsa, da hagu yake riƙe filaya. Bai taɓa ce mini laifina ba ne, ni kuma har yau ban iya tayar da zancen ba.