Awa Ɗaya a Bayan Gida a Birmingham

Daga tashar Euston ta Landan jirgin ƙasa ya kwashe ni zuwa Birmingham a ƙarshen Janairu. Gonaki sun jiƙe sharkaf, itatuwa ko ganye ɗaya babu. Gidan ƙanwata na sauka. Washegari da hantsi sai ga ɗanta da takarda da fensir: "Kawu, taso mu ƙirga tsuntsaye."

Ashe abin ya zama al'ada a ƙasar. Tun 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke roƙon jama'a su ware awa ɗaya a ƙarshen wannan wata, kowa ya rubuta abin da ya sauka a bayan gidansa. Mai wucewa ta sama ba ya shiga lissafi.

Muka zauna bakin taga da shayi. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, fari fat. Rana ta leƙo, kafin ka ce kwabo hadari ya rufe ta, aka tsuge da yayyafi haɗe da ƙanƙara, can kuma gari ya washe. Duk wannan bai hana tsuntsayen kiwo ba. Wani ɗan mitsitsi mai shuɗin kai da rawayan ciki ya maƙale jikin ragar gyaɗa, kai ƙasa ƙafa sama, yana caccaka ba ji ba gani. Ya burge ni, ya kuma ba ni tausayi, domin kitsen da ya tara da rana shi zai ƙone cikin dogon daren nan, kuma kafin ƙarfe biyar magariba ta yi. Mai jan ƙirjin nan da suke kira robin ya kori ɗan'uwansa daga shinge, ba ya son maƙwabci. Sai kurege mai ruwan toka ya diro ya watsa taron. Asalinsa Amurka ne, a ƙarni na 19 aka shigo da shi, ya kuma kore jan kuregen ƙasar daga yawancin Ingila.

Gwara ta fi yawa a takardarmu, amma ƙirgen nan ya nuna ta ragu da fiye da rabi tun da aka fara shi. Ba don talakawa masu zama bakin taga ba, da wuya a gane haka.

Tsattsewa kam ba mu gani ba, ta ƙetare Sahara tun kaka. Ba ita kaɗai ke yin wannan ƙaura ba: wanda hanya ta kai shi Dagona a Jihar Yobe cikin hunturu, ya tsaya bakin fadama, zai tarar da agwagin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai.