Gurbin Da Aka Cire

Masu aikin rumbun bayanai na kwamfuta suna da wata ƙa'ida wadda a ganina ta cancanci ɗalibin Hausa ya tsaya ya dube ta. Shi jadawali a wurinsu layuka ne da gurabu. Kowane layi mutum guda ne, kowane gurbi kuwa tambaya ce guda da aka yi wa kowa, kamar suna ko gari ko shekaru. To, gurbi ba ya zama shi kaɗai. Akwai fihirisa da akan gina a kansa domin saurin nema, akwai sharuɗɗa da akan gindaya masa, alal misali kada a bar shi fanko, akwai kuma waɗansu jadawalai da suke jingine da shi. A manhajar PostgreSQL, idan mutum ya ba da umarnin cire gurbi, fihirisarsa da sharuɗɗansa na cikin jadawalin sukan tafi tare da shi. Amma in akwai wani abu daga waje da ya rataya a kansa, sai ta ƙi, ta lissafo su, har sai an faɗa mata ƙarara cewa an yarda a tafi da su duka.

Na ga haka a wani zaure a Madabo, inda muka taya wani malami shigar da sunayen almajiransa cikin kwamfuta. Da aikin ya yi nisa sai malam ya ce a cire gurbin ƙabila, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Madabo dai tsohuwar cibiyar ilmin fiƙihu ce da ake dangantawa da Wangarawa, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, littafin Asalin Wangarawa kuwa ya kai zuwansu zamanin Rumfa. Jikan waɗannan bayin Allah da bai san wani harshe ba sai Hausa da Larabci, me zai rubuta a gurbin? Na'ura ta ƙi cirewa, domin mun riga mun gina wani jeri a kan gurbin, mai nuna yawan almajiran kowace ƙabila. Sai da malam ya amince a yi asarar jerin tukuna.

Ƙasarmu ma ta taɓa cire irin wannan gurbi. Ƙidayar 1963, wadda ta ba da mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta tambayi ƙabila da addini. Ta 1973 ta jawo ce-ce-ku-ce har gwamnatin Janar Murtala ta soke ta a 1975. Da aka zo ƙidayar 1991, zamanin Janar Babangida, sai aka fitar da tambayoyin biyu daga takarda, haka kuma aka yi a 2006. Ni ban ga laifin waɗanda suka yanke wannan shawara ba. Ƙasar da ta sha yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 tana da dalilin jin tsoron lissafin da zai ce wane ya fi wane yawa.

Abin da ya dame ni shi ne abubuwan da suka rataya a kan gurbin suna nan inda aka bar su. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ware Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin manyan harsuna uku. Tsarin mulkin 1979 ya ambace su cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su, na 1999 ma ya maimaita haka a sashe na 55. Duk waɗannan sun tsayu ne bisa yawan jama'a, yawan kuwa rabon da a auna shi a amince tun 1963. Mu kanmu a wannan sashe, kowace maƙala sai ta buɗe da adadin masu jin Hausa, wannan ya kawo nasa miliyoyin, wancan ya kawo nasa, a bi salsala a tarar kirdado ne aka ɗora kan kirdado. Mai shirin buga littattafan firamare da mai neman a ƙara malaman Hausa duk a wannan duhu suke lalube.

Bilhasali, ko gurbin ƙabilar da aka cire bai taɓa amsa tambayarmu daidai ba, domin ƙabila daban, harshe daban. Tun da fari cusa abu biyu aka yi a rami guda, da aka tashi zubarwa sai aka haɗa da wanda ba shi da laifi. Don haka nake ganin ya kamata malamanmu su nemi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta buɗe sabon gurbi a ƙidaya mai zuwa, wanda zai tambayi harshen da mutum yake yi a gida da wanda yake yi a kasuwa. Bawangaren Madabo da Bafillacen Ɗambazau da Bayaraben da aka haifa a Ayagi duk za su iya cike shi ba tare da an tambaye su sunan kakansu ba.