Zuwa Katsina da kayan sadarwa a bayan mota

Mun bar Kano da sassafe, kafin manyan motocin hatsi su cushe hanya a Dawanau. Bayan motar cike yake: suwic-suwic na Cisco a kwalayensu, rauta guda, naɗin kebul na Cat6, da akwatin ƙarfen da za a jera su a ciki. Wani ofishi ne a Katsina ya gaji da intanet mai tsinkewa kullum, ya ce a zo a sake masa shimfiɗa daga tushe. Hunturu ne, hazo ya rufe Bichi da Tsanyawa, sai wajen Kankiya rana ta leƙo.

Ɗakin da aka ware wa na'urorin tsohon sito ne, babu na'urar sanyaya ɗaki, taga a buɗe, ƙura ta yi kauri a kan komai. Tsohon tsarin kuwa ba wanda ya tsara shi. Duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci sai a sayo ƙaramin suwic a jona da na kusa, a cusa ƙarƙashin tebur. A bayan wata durowa muka gano ciwon: kebul ɗaya, kansa biyu duk a jikin suwic guda. Saƙon da ya faɗa irin wannan zobe ba ya mutuwa, sai ya yi ta kewayawa yana hayayyafa har layin ya toshe. Manyan suwic suna gane zoben su rufe ƙofa ɗaya, amma yawancin ƙananan nan na kasuwa ba ruwansu.

Ba mu buɗe ko kwali ɗaya ba sai da mai gyaran lantarki ya kafa sandar tagulla a ƙasa, aka ɗaure akwatin da ita, aka kuma sa batirin da zai riƙe wuta kafin janareta ya tashi. Shugaban sashen mulki ya ga kamar ɓata lokaci muke.

"Injiniya, ga kaya a ajiye, ku kuna haƙa rami?"

"Ranka ya daɗe, ramin nan shi zai tsare maka kayan idan damina ta zo."

Muka sake yin ja-in-ja kan ginin da ke can ƙarshen harabar. Kebul na tagulla ba ya wuce mita 100, ginin kuma ya fi haka nisa. Shugaban ya so a yi ƙari da suwic a tsakiya don a rage kuɗi. Muka dage kan faiba, domin zaren gilashi ne, ba ya ɗauko tsawa daga wannan gini ya kai wancan.

Saitin ya fi komai daɗi, aiki ne na zama. Aka jona kwamfuta da suwic ta wani shuɗin kebul na saiti, aka sa gudunsa a 9600, baƙin allo ya buɗe. Bayan kalmar sirri, sai muka raba layin gida-gida da VLAN: sashen kuɗi daban, sauran ma'aikata daban, kyamarori daban, baƙi daban, kamar gidan gandu mai zaure ɗaya amma kowa da sashensa. Rauta ce ke yanke wanda zai ƙetara zuwa wani sashe, ita ke riƙe da layin kamfanonin intanet biyu, in ɗaya ya faɗi ta koma kan ɗayan. Kyamarori da na'urorin Wi-Fi daga suwic suke shan wuta ta PoE, har wat 30 a kowace ƙofa. Kowane mataki sai mun adana shi, don saitin da ba a adana ba yana tafiya da ɗaukewar wuta.

Da la'asar muka zagaya muka ga hasumiyar Gobarau, muka sha fura, muka koma liƙa wa kowane kebul lamba a kai biyu. Taswirar layin da kwafin saitin kuwa, matashin da ke kula da kwamfutocin ofishin muka damƙa wa, bayan ya gwada komai da hannunsa.

Masu sa hannu a kasafin kuɗi, kafin ku amince da na'ura mai tsada, ku fara tambayar ɗakin da za ta zauna, wutar da za ta sha, da wanda zai kula da ita bayan injiniya ya hau mota.