Mai neman ƙofar shiga sana'ar gina tagogin kwamfuta

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a biro ko a kanti ya saba da tagogi da maɓallan da ake dannawa da linzami. Kaɗan ne ke tuna cewa kowane maɓalli wani ne ya zauna ya rubuta masa umarni. A da, baƙin allo kawai ake fuskanta, a buga umarni da haruffa. Kamfanin Xerox na Amurka ya gwada tagogi a na'urarsa Alto cikin 1973, Macintosh ya kai su kasuwa a 1984, Windows ya biyo baya a 1985. Tun daga nan aka sami sana'ar da ke ba ɗan koyo wuya tun daga bakin ƙofa.

Akwai wani saurayi a Maraɗi da ya gama lise, yana riƙe wa kawunsa, dillalin shinkafa da man girki, littafin bashi. Ya ɗan koyi Python har yana iya haɗa jimillar kuɗi a baƙin allo. Amma Alhaji ba ya karanta Faransanci, kuma ba zai buga umarni ba. Abin da ya nema a wurin yaron ƙarami ne: taga ɗaya mai maɓalli uku, na kayan da suka shigo, na waɗanda suka fita, da na masu bashi.

Yawan littattafai ne ya fara ɓatar da saurayin. Wani ma'aikaci ya ce masa WinDev, na kamfanin PC SOFT da ke Faransa, wanda ma'aikatu da dama suka sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wani ya ara masa tsohon littafin Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998, Microsoft kuma ta daina kula da shi a 2008. Wani ya rantse da Qt, wani da Java. Kowa hanyar da ya bi yake yabo. Makonni suka wuce, kuɗin intanet na tafiya, bai gina ko maɓalli ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Ainihin wuyar tana wani wuri, kuma littattafai da yawa suna tsallake ta da sauri. Manhajar baƙin allo kamar yaron aike take: a ba shi saƙo, ya bi daki-daki, ya gama, ya koma gida. Manhaja mai tagogi kuwa mai kanti ce. Tana buɗe ƙofa ta zauna jira, ba ta san wanda zai shigo ba, ba ta san abin da zai nema ba. Idan an danna maɓalli sai ta tashi ta yi aikin da aka ɗaura wa wannan maɓallin, ta koma mazauninta. Idan aikin ya yi tsawo sai tagar ta daskare, kamar mai kantin da ya shiga sito ƙidayar buhuna ya bar masu ciniki tsaye. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sana'ar, ko da wane harshe zai yi ta.

Ranar da saurayin ya fahimci haka, zaɓi ya yi sauƙi. Ya tsaya kan harshen da ya riga ya sani. Python na zuwa da Tkinter, wanda aka gina kan Tk, aikin John Ousterhout da ya fito a 1991. Layi ƙasa da goma ya isa a sami taga da maɓalli. Ya sauke littafin Gérard Swinnen, malamin makaranta ɗan Beljiyam, mai suna Apprendre à programmer avec Python 3, wanda ake samu kyauta kuma ake karantawa ko babu intanet. Yakan leƙa darussan OpenClassrooms, da aka kafa a 1999 da sunan Site du Zéro. Ya kuma koyi duba shekarar kowane darasi, domin an daina kula da Python 2 a 2020, kuma tsofaffin misalai na rubuta Tkinter da babban harafi, alhali Python 3 ƙarami yake karɓa. Harafi ɗaya ya isa ya hana ɗan koyo barci.

Da rarrafe yaro kan tashi. Maɓalli guda ya fara ginawa, sannan gurbin rubuta suna, sannan jerin masu bashi. Tk na karɓar haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don haka ya rubuta komi da Hausa, Alhaji kuma yana karanta boko. Gyaran farko da dattijon ya nema shi ne a ƙara girman haruffa, na biyu kuma kada a goge bashin kowa sai na'urar ta sake tambaya. Babu littafin da ya koya masa waɗannan biyu.

Ƴan kasuwa da shugabannin ma'aikatu da ke da irin wannan matashi a hannu, abin da yake bukata a wurinsu bai kai kuɗin manhajar waje ba: littafi ɗaya na wannan zamani, aiki ƙarami na gaskiya, da haƙurin ƴan watanni. Littafin takarda kuwa a ci gaba da cika shi, har sai lissafin biyu ya zo daidai wata da watanni.